Autel MK808 a garejin Gombe: abin da take yi wa fitilun gargaɗin motar lantarki, da inda ƙarfinta ya ƙare

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, maganar motar lantarki ta wuce hirar teburin mai shayi a Gombe. Har yanzu ba su da yawa a titi. Waɗanda ake sa ran gani a wannan yanki su ne Nissan Leaf 'yar Kwatano, da Hyundai Kona wadda kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas a 2020, sai kuma na ƙasar Sin irin su BYD. Kowacce daga cikinsu wata rana fitila za ta kama mata a dashbod, kuma mai ita ba zai ɗora ta a kan babbar mota zuwa Abuja saboda fitila ɗaya ba. Garejin unguwa zai nufa, wajen mai wayarin. Shi kuma mai wayarin abin da yake son sani shi ne ko na'urar sikanin da yake shirin saya za ta iya da irin wannan mota.

Autel MK808 na cikin waɗanda aka fi tambaya. Kwamfutar hannu ce mai allon inci 7, tana aiki da Android, tana zuwa cikin akwatin roba da wayarta mai fil 16. Kamfanin na birnin Shenzhen ne a ƙasar Sin. Tana da 'yan'uwa masu kusan suna ɗaya, kuma a nan ake yawan ruɗa mai saye: mai harafin BT ba ta buƙatar waya tsakaninta da mota, mai TS kuma tana da eriyar da ke magana da sensar iskar taya kai tsaye. Da dala ake yi mata kuɗi, 'yan ɗaruruwa, don haka farashinta a naira yana bin kasuwar canji. Hukuncinmu a kanta shi ne: ta cancanci kuɗinta a kan fitilar jakar iska, da ta ABS mai hana tayoyi kullewa in an taka birki, da ta hana santsi, da ta birki. A kan duk abin da ya shafi wayoyin nan masu launin ruwan lemo da ke ɗaukar wutar babban batir kuwa, za ta iya faɗa maka sunan ciwon, amma ba ta isa ta nuna maka inda yake ba.

Dalilin da ƙaramar na'urar nan mai shuɗi ba ta wadatarwa

Yaran gareji da yawa suna yawo da ELM327 a aljihu, wadda ake haɗawa da wayar salula. Tsarin OBD-II na gama-gari da take karantawa an ƙirƙire shi ne saboda hayaƙin inji, shi ya sa ya zama dole a motocin Amurka tun 1996. Motar lantarki ba ta da salansa. Sai ka ga an soka ta, manhajar ta ce babu matsala, alhali fitilu huɗu suna ci a gaban direba. Lambobin da muke nema suna cikin wasu kwamfutocin daban: masu farawa da B na jikin mota ne, ciki har da jakar iska, masu C na birki da sitiyari da taya, masu U na sadarwa tsakanin kwamfutocin, masu P na injin da ke tura mota da batir. MK808 tana shiga kowace kwamfuta da harshen kamfanin da ya ƙera motar, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake biya.

Akwai togaciya ɗaya. Mai Leaf da ke son kula da motarsa shi kaɗai ba ya buƙatar MK808. Manhajar LeafSpy Pro tare da ELM327 mai kyau tana karanta lambobin kwamfutocin motar, kuma tana nuna ƙarfin kowane ɗaya daga cikin rukunai 96 na ƙwayoyin babban batir, abin da a kansa ta fi Autel ɗin bayani. Sai dai jabun ELM327 masu rubutun 2.1 sukan ƙi aiki da ita. Ita kuma Tesla ba ta cikin wannan lissafi gaba ɗaya, domin a allon motar ake shiga shafin gyara.

Kafin a soka komai: ƙaramin batir

Idan mota ta shigo da fitilu da yawa lokaci guda, ABS da hana santsi da sitiyari da jakar iska duk sun kama tare, ajiye na'urar ka ɗauko mita. Motar lantarki tana da batir mai bolt 12 kamar kowace mota, kuma shi ke kunna dukkan kwamfutoci, shi ke rufe manyan makunnan da ke haɗa babban batir. Bambancin shi ne babu kik. A motar fetur batir mai rauni yana tona kansa da safe, inji ya riƙa juyawa da ƙyar. A nan babu wannan alama. Yana mutuwa a hankali har ranar da kwamfutoci suka ga wuta ta yi ƙasa, kowacce ta kunna fitilarta.

Auna shi bayan mota ta huta aƙalla awa guda. Bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 kusan rabi, ƙasa da 12.0 kuwa ya tafi. Sannan ka kunna mota har READY, alamar cewa ta shirya tafiya, ta fito a dashbod ka sake aunawa. Ya kamata ka ga tsakanin 13 da 14.5, domin akwatin da ke rage wutar babban batir ya mayar da ita ta 12 shi ne a madadin altaneta. Idan READY ta fito amma mita tana nan a 12, ba batir ne kaɗai ke da laifi ba: duba babban fiyus da wayar da ta fito daga wannan akwati, da wayar ƙasa da ke ɗaure a jikin mota. Zafin Maris da Afrilu a Gombe, da ke kaiwa digiri 40, yana cin batirin gubar nan da wuri, kuma kan batir mai farin gari ko wanda aka cusa wa ƙusa don ya kama yana jawo irin wannan ruɗani.

A nan MK808 tana taimakawa ta hanyar da mutane ba su cika lura ba. In ka sa ta binciki dukkan kwamfutoci, za ka ga lambar ƙarancin wuta tana maimaituwa: C1109 a ABS ɗin Nissan, B1102 a jakar iskar Hyundai, tare da tarin lambobin U. Wannan jerin shi kansa shaida ne. Ajiye rahoton tukuna, na'urar tana adana shi a matsayin PDF, sannan a gyara batir, a goge, a zagaya da mota, a sake bincika. Abin da ya dawo shi ne ciwon gaskiya. Wanda ya goge kafin ya ajiye ya zubar da shaidar da hannunsa. Kuma a bar mota a READY yayin bincike, da giya a P, don kada binciken kansa ya shanye batirin.

Fitilar jakar iska

A nan na'urar ta fi nuna amfaninta, a nan kuma aka fi yin ɓarna a garejojinmu. Lafiyayyar fitila tana kamawa in an kunna mota, ta yi kamar daƙiƙa 6 ko 7, ta mutu. In ta zauna ko tana ƙiftawa, kwamfutar ta ga matsala, kuma a ɗauka cewa jakar ba za ta buɗe ba ranar da ake buƙatarta. In ba ta kama ko kaɗan ba, wannan ya fi muni, domin galibi wani ne ya cire ƙwan ko ya liƙe shi da baƙin tef.

Kwamfutar jakar iska tana auna juriyar kowace da'ira muddin mota tana kunne. Abin da ke tayar da jakar ɗan siririn filamen ne mai juriyar om 2 zuwa 3. In adadin ya hau, waya ta tsinke ko soket ya saki. In ya faɗi, wayoyi biyu sun haɗu. MK808 tana ba ka sunan da'irar, misali B1346 a Hyundai, wato juriyar jakar direba ta yi yawa, kuma a motoci da dama tana nuna adadin om ɗin kai tsaye a allo. Wannan na biyun ya fi lambar daraja. Ka bar allon a buɗe, yaro ya juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali. In adadin yana tsalle daga 2.5 zuwa 7 ya dawo, ka gano mai laifi ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba: faifan wayar da ke naɗe a bayan sitiyari ne. Sau da yawa hon ko maɓallan sitiyari ma sun fara yi suna dainawa. Abin da ke kashe faifan nan sananne ne. An kwance sitiyari daga ƙasa don gyaran rak, ba a ɗaure shi ba, wani ya wulwula shi, siririyar wayar ta tsinke a ciki. Wajen sa sabo, a miƙe tayoyi sak, a tabbatar faifan yana tsakiya, kusan juyi biyu da rabi kowane ɓangare kamar yadda aka rubuta a jikinsa, kuma kada a zare makullin robar da ya zo da shi sai ya zauna.

Wuri na biyu shi ne ƙarƙashin kujera. Soket ɗin rawaya na jakar gefe da na abin da ke ɗame bel suna nan, inda ake tura gorar ruwa da takalmi da dardumar salla, inda kuma masu wankin mota ke kwarara ruwa a kafet. Ja kujera gaba da baya kana kallon adadin. Maganinsa a cire soket, a duba ko fil ya yi kore ko ya buɗe, a wanke da man wanke soket, a tabbatar makullinsa ya ce ƙas, a ɗaure wayar yadda kujera ba za ta riƙa jan ta ba.

Dokokin hannu ba su da yawa, amma ba a sassauta su. A kashe mota, a zare wayar caji, a cire kan batirin 12 na ƙasa, wato negatif, a jira aƙalla minti 3, domin kwamfutar tana da ajiyar wuta a cikinta. Ba a taɓa ɗora mita ko fitilar gwaji a kan jakar kanta; wutar da mita ke turawa don auna juriya ba abin gwadawa ba ce a kan abin fashewa. In an ciro ta, a riƙe ta fuskarta na kallon waje, a ajiye ta fuskarta sama. Wanda yake son tantance tsakanin jaka da waya sai ya cire jakar, ya sa rizista mai om 2 da ɗoriya a bakin wayar da ta taho daga mota, ya mayar da batir ya duba. In lambar ta tafi, jakar ce. In tana nan, a matsa ƙasa da faifan sitiyari a sake gwadawa.

Wannan rizistar ita ce kuma babbar cutar motocin gwanjo. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka sun yi hatsari ko ambaliya ta ci su, kamfanin inshora ya sallama su. Maimakon a sayi sabuwar jaka, sai a bar rizistar a ciki, a rufe murfin sitiyari da ba komai a bayansa. Fitila ta mutu, MK808 ma za ta ce lafiya lau, domin ita abin da kwamfutar mota ta faɗa mata take maimaitawa. Babu na'urar da za ta kama wannan. Ido ne zai kama: murfin da launinsa ya bambanta da sauran, dashbod da aka yi wa sabon rufi, bel da ba ya komawa da kansa, ɗinkin kujera da ba na kamfani ba. Duk wanda zai sayi irin wannan mota ya biya a kwance sitiyari a leƙa. Rizista kayan gwaji ce ta minti biyar, kuma garejin da ya bar ta a motar mutum ya san abin da ya aikata.

Akwai lambar da MK808 ba za ta goge ba, kuma daidai ne da ba ta gogewa. In jaka ta taɓa tashi, kwamfutar tana rubuta hatsarin, kamar B1650 a Hyundai. Abin da kamfani ya ce a yi shi ne a sauya kwamfutar. Akwai masu buɗe ta su wanke ƙwaƙwalwar da wata na'ura, amma wannan ba ya mayar da jakar da ta fashe ko bel ɗin da ya riga ya ɗame. A motar lantarki kuma abin ya haɗa da babban batir, domin saƙon hatsari yana sa a yanke wutarsa, wasu motocin ma suna da fiyus mai fashewa wanda sai an sa sabo mota za ta sake nuna READY.

ABS, hana santsi da birki

Fitilar mota mai layukan santsi in tana ƙiftawa a kan yashi ko tsakuwa, aikinta take yi. In ta zauna daram ne ake da magana. Yawanci tana kamawa tare da ta ABS, domin sensa ɗaya suke sha. A motar lantarki akwai ƙarin alama da direba ke kawowa a matsayin ƙorafi daban: ya ce in ya ɗaga ƙafa daga totur mota ba ta riƙe kanta kamar da, kuma caji yana saurin ƙarewa. Birkin da ke mayar da wuta cikin batir ne ya tsaya, saboda mota ba ta yarda ta yi shi alhali ba ta san gudun kowace taya ba.

Buɗe gudun tayoyi huɗu a allo ɗaya, wani ya tuƙa a kan kilomita 20 zuwa 30, kai kana kallo. MK808 tana zana su a jadawali, kuma wadda ke faɗuwa sifili ko take tsalle tana fitowa fili. Abin da na'urar ba za ta faɗa maka ba shi ne ko sensa ce, ko waya, ko boris. Sensocin yanzu masu waya biyu ba a auna su da om kamar na da. Wuta suke karɓa su mayar da saƙo tsakanin miliamf 7 da 14. Kafin a yi odar sabuwa daga Ƙofar Ruwa ko Ladipo, a ciro ta a duba bakinta. Maganaɗisun da take karantawa yana jikin boris, yana kuma tara garin ƙarfe da laka, musamman da damina in ruwa ya kwaso yashi ya zuba a titunan cikin gari. A bi wayar da hannu har inda ta shiga jikin mota, domin a inda take lanƙwasa tare da taya take karyewa a ciki roba na nan lafiya. In kuwa fitilar ta kama ne washegarin canza boris, to ko an sa shi a juye, ɓangaren maganaɗisun yana kallon waje, ko an sayo marar maganaɗisu, ko an dake shi da guduma. Taya ɗaya da ta fi sauran girma ma tana jawo haka. A Nissan fitilar ba ta mutuwa nan take bayan gyara, sai an yi tafiyar kamar minti guda a kan kilomita 30.

Bayan alaimen, ko canza faifan sitiyari, sensar kusurwar sitiyari tana buƙatar a nuna mata tsakiya. C1144 ke nan a Nissan. MK808 tana da wannan aiki a shafin hidimominta, minti biyu ne a fili mai shimfiɗa, kuma shi kaɗai yana iya mayar wa gareji wani kaso na kuɗin na'urar. Haka kuma buɗe birkin hannu na lantarki kafin canza takalmin baya, da fitar da iska daga famfon ABS. Birkin waɗannan motoci ba ya dogara da iskar inji, ƙaramin injin lantarki ne ke tura shi, don haka tsohuwar hanyar "taka, riƙe, saki" ba koyaushe take fitar da iskar duka ba. Amma a duba ko aikin yana cikin jerin motar da ke gabanka. Sunan aiki a kwalin na'ura ba ya nufin kowace mota ta samu.

Jar fitilar birki ba ta jiran sikana. A duba mai a kofi, a duba yoyo, kada mota ta motsa. Leaf DOT 3 take sha, Kona DOT 4, kuma rubutun yana kan murfi.

Fitilar iskar taya aikinta kaɗan ne. In ta zauna, iska ce ta ragu. Leaf 36 PSI take so, kuma adadin kowace mota yana jikin ƙofar direba. Da sanyin hunturu takan kama da asuba ta mutu da hantsi, wannan a ƙara iska da safe kawai. In ta yi ƙiftawar minti guda sannan ta zauna, sensa ce, ko batirinta ya ƙare ko mai faci ya karya ta da ƙarfen cire taya. Motocin Amurka da yawa suna amfani da sensa mai zangon rediyo 315 MHz, na Turai 433, kuma ba sa jin juna. Nan ne mai TS ta fi. Kyamarar bayan gilashi da radar ɗin bamba kuwa, ƙurar hunturu kan rufe su, tsumma ya wadatar. In an canza gilashin gaba ko an buge bamba, saitinsu yana buƙatar alluna da awo da MK808 ba ta zuwa da su.

In na'urar ta ce ba ta samu wata kwamfuta ba

U0121 na nufin an daina jin ABS, U0151 an daina jin kwamfutar jakar iska. Saurin cewa "birenbos ta ƙone" ya sa an sayi kwamfutoci da yawa a banza. A fara da fiyus, da wuta da ƙasa a soket ɗin ita kwamfutar. Sannan a cire batirin 12 a auna tsakanin fil na 6 da na 14 a soket ɗin sikanin, wato wayoyin sadarwa biyu na kwamfutocin. Om 60 ake nema. In ka ga 120, layi ya tsinke ko ɗaya daga kwamfutocin da ke ƙarshen layin ta fita. In kusan sifili ne, wayoyin biyu sun haɗu. A sababbin motoci masu kwamfutar da ke tsare mashigar layin sadarwa, awon nan ɗan guntun layi kawai yake nunawa, sai an je bayanta. Ɓeraye suna da hannu a irin wannan, haka masu sa tiraka da rediyon Android da ke feɗe duk wayar da suka samu. Na'urar ba ta zuwa da zanen wayarin, kuma wannan gibi ne na gaske. Dole a nemo littafin gyaran motar daban.

Wayoyi masu ruwan lemo

Alamun matsala a wannan ɓangare su ne fitila mai hoton mota da alamar motsin rai, ko hoton kunkuru, ko mota ta ƙi shiga READY. Kunkuru shi kaɗai sau da yawa ba lalacewa ba ce: caji ya yi ƙasa ko batir ya yi zafi. Batirin Leaf ba shi da abin sanyaya shi, don haka doguwar tafiya da rana tsaka, a ce daga Gombe zuwa Kaltungo, sannan a ɗora caji nan take, tana iya kawo shi.

Lambar da ke da nauyi ita ce P0AA6. Babban batirin, mai kusan bolt 360 a Leaf, ba ya haɗe da jikin mota ko ta wane ɓangare, kuma mota tana auna wannan rabuwa kullum. Ma'aunin da ake yawan aiki da shi shi ne om 500 ga kowane bolt, wato om 200,000 ga tsarin bolt 400, lafiyayyar mota kuwa miliyoyi take nunawa. In ya faɗi, wuta ta fara samun hanya zuwa ƙarfen da mutane ke taɓawa. A Leaf takan zo da P31E7, wadda ke hana mota sake tashi. MK808 za ta karanta su, za ta iya goge su, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, domin an cire mai gadi an bar yoyon.

Lokacin da lambar ke dawowa yana nuna hanya. In sai an kunna AC, kwamfuresa ce. In sai ana caji, caja ta cikin mota ko bakin caji. In bayan ruwan sama ne, ko ratsa kwari, ko wanki da injin feshi, ruwa ya shiga soket ko akwatin batir. Ta AC ɗin ta fi shafar mu. Kwamfuresar motar lantarki tana da injin lantarki mai babbar wuta a cikinta, kuma man da ke yawo da gas yana wanke wayoyinta. Galibinsu man POE suke so, wanda ba ya ɗaukar wuta. Mai gas ɗin bakin titi da ya zuba man PAG na motar fetur, ko ma ya yi aiki da tiyon da ya saba ɗurawa da shi, ya isa ya jawo P0AA6, kuma wanke tsarin bayan haka aiki ne mai tsada da kan kai ga sauya kwamfuresa. A karanta takardar da ke ƙarƙashin bonet kafin kowa ya soka tiyo.

Gano ainihin wurin yoyon aikin mitar auna rufin waya ne, mai tura bolt 500, ana cire reshe ɗaya bayan ɗaya ana aunawa. Kafin nan akwai safar hannu ta roba aji 0 mai ɗaukar bolt 1,000, wadda ake hurawa a duba huda kowane lokaci, da ta fata a samanta, da mita mai tambarin kariya na CAT III bolt 1,000. A nisanta makulli mita 5, a cire batirin 12, a zare filogin yanke wuta, wanda a Leaf yana ƙasa a gaban kujerun baya, a sa shi a aljihu, a jira minti 10, a auna a ga babu wuta kafin a taɓa. Ko bayan haka cikin akwatin batirin yana nan da wutarsa. Wanda bai samu horo a kan wannan ba ya tsaya a karanta lamba, ya rubuta wa mai mota, ya tura shi gaba. Autel da kansu sun san iyakar MK808, shi ya sa suke da manyan na'urori daban masu harafin EV, a farashin da ya ninka nata sau da yawa.

Abin dubawa kafin a biya

Sabunta manhaja kyauta ne shekara guda, bayan nan sai an biya duk shekara. In ba a biya ba tana ci gaba da aiki da abin da ke cikinta, sai dai motocin lantarki su ne sababbin shigowa, su ne kuma suka fi buƙatar sabuntawar. Rajista da saukewa suna son intanet mai ƙarfi. Mai waya tana shan wuta daga motar kanta, abin da ke da daɗi a garejin da wutar kamfanin JED ba ta zama. Allonta yana wahalar karantuwa a tsakar rana, kuma barin ta a kan dashbod da azahar hanya ce ta kumbura mata batir. Ba ta da Hausa, bayanin lambobin kuma gajere ne, don haka yaron da zai riƙe ta sai ya iya karatun Turancin gyara.

Ta hannu ta biyu tana iya zuwa a ɗaure da asusun mai ita na farko, wata kuma an yi ta ne don wata kasuwar daban, jerin motocinta ba irin namu ba. Wannan ya fi ciwo a kan motocin Sin da sababbin motoci masu tsarin sadarwa na CAN FD ko DoIP. Garejin da yake sa ran BYD da ire-irenta ya gwada ta gefe da gefe da Launch X431, na'urar sikanin wani kamfanin, kafin ya yanke shawara. Gwajin ba shi da wuya: a kawo motar, a soka, a ga ta karanta lambar jikin mota da kanta, ta shiga kwamfutar jakar iska da ta ABS da ta babban batir, ta nuna adadi masu motsi a kowacce. In mai sayarwa ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, a nemi wani mai sayarwar. A kasafin kuma a ware kuɗin mita mai kyau da na'urar gwada batirin 12, domin rabin abin da aka lissafa a sama da su ake ƙarasa shi.